Sunan da Na Ƙi a Maigatari

Ranar da muke dawowa daga ta'aziyyar Habu a Gagarawa, Hadiza ce ke zaune a bayana cikin mota. Ta ga ina ta goge ido da hannun riga tun da muka baro garin, sai ta sunkuyo ta ce da ni a hankali:

"Baba, ka yi haƙuri mana. Ni abin da ke ba ni mamaki, mutumin da ya ƙwace maka ɗaki kuna samari, amma yau ka fi 'yan'uwansa kuka."

Ban ba ta amsa ba, saboda direba yana ji. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji, domin ba ita ta ƙirƙiro ta ba. A bakina kuka ji ta, ku 'ya'yana duka. Ni na riƙa ba ku labarin kuna yara, ina ba da shi da dariya, wai ni na fara ganin ɗaki a Maigatari, Baba Habu ya yi mini wayo ya shige. Har a gabansa na sha faɗa, shi kuma ya yi murmushi ya ce haka ne. To, ba haka ba ne. Na rubuta wannan babi ne don in janye wancan labari tun ina da bakin janyewa, kuma ina so ku karanta shi har ƙarshe kafin kowa ya zo ya ce mini komai.

Makarantar koyon aikin dabbobi ce ta haɗa ni da Habu. Ni daga wajen Gwaram na fito, ban taɓa ganin raƙumi ya wuce biyu a wuri guda ba. Shi kuwa daga wani ƙauye ne arewa da Sule Tankarkar, wanda rabin danginsa ma a cikin Nijar suke. Benci ɗaya muka zauna shekara uku. A shekara ta biyu na faɗo daga keke hannuna na dama ya karye, na yi wata uku ina rubutu da hagu. Habu ne ke danne mini takarda kada ta zame, shi ke yi mini wanki, har tazugen wandona shi ke ɗaure mini, yana yi yana tsokanata. Na fi shi ƙoƙari a aji, wannan ba yabon kai ba ne, kowa ya sani. Shi abin da ya fi kowa da shi dariya ce. Idan ta kama shi sai ya nemi ƙasa ya zauna, ko a gaban wa yake.

Akwai wani miki da nake yawo da shi a lokacin, wanda in ban gaya muku ba ba za ku gane sauran ba. A gidanmu ba a ɗauki aikina da daraja ba. Yayyena sun so in zama malamin asibiti ko akawu, da suka ji cikin aikin namu har da sammako zuwa mayanka a duba nama, a hana sayar da dabbar da ta mutu ba a yanka ba, sai suka samu abin yi. Duk hutun da na je gida sai wani ya ce an sha wahalar boko an ƙare a shinshinar mushe. Ina dariya tare da su, amma kalmar tana ci na. Ko a hira aka ambaci mushe sai na ɗaga kai na ga ko da ni ake.

Da muka gama aka tura mu Maigatari mu biyu, aikin duba dabbobin da ke shigowa kasuwa da yi musu riga-kafi. Muka fara kai kanmu ofis a Gumel, wajen maigidanmu, wani dattijo mai ƙarancin magana da kowa ke kira Dokta. Ya dube mu da akwatunanmu na ƙarfe ya ce:

"Ɗaki ɗaya ne ya rage a kwatas. Ɗayanku ya shiga, ɗayan ya nemi wuri a cikin gari. Ku sasanta kanku, ba na raba wa manya ɗaki."

A mota Habu ya ce tunda na girme shi da wata bakwai, kuma ni ne baƙo a ƙasar, ni zan zaɓa, shi ya ɗauki abin da na bari. Muka sauka ran Laraba, jajibirin kasuwa, gari ya cika da ƙugin shanu da kukan jakuna. Kwatas muka fara gani. Yana can bakin gari ta hanyar Gumel, ɗakin siminti da rufin kwano, ba bishiya, ba maƙwabci sai wasu ma'aikata biyu da ke tafiya gida duk Juma'a. Daga nan muka duba bakin tasha, inda ɗakuna suke a wadace, amma Habu ya ce duk uban da ya ji a nan kake kwana ba zai ba ka ko bazawara ba. Sai muka shiga cikin gari, muka riƙa sallama ƙofa ƙofa. Ko'ina tambayar ɗaya ce, kana da iyali? In ka ce a'a, sai maigida ya gyara hula ya ce Allah ya kawo na gari, shi ke nan an sallame ka. Ba wanda ke son tuzuru a cikin gidansa, ban kuma ga laifinsu ba yanzu da na aurar da 'ya'ya. Rana ta take sosai kafin wani mai shayi ya ce mu je bakin kara, wato kasuwar shanu, mu tambayi gidan Alhaji Mamman, mai saukar fatake.

Ban taɓa son wuri da ganin farko ba kamar ɗakin nan. Shago ne a jikin zaure, ƙofarsa na kallon waje, don haka ba ruwan tuzuru da cikin gida. Ginin ƙasa ne mai kauri, da ka sa ƙafa sanyi zai tare ka. Akwai ƙatuwar darbejiya a ƙofar, ga masallaci taku goma, ga rijiya, ga 'yar taga da kana kwance za ka hango kara. Kafin maigidan ya fito na riga na ajiye gadona a zuciyata, na rataye rediyona a ƙusa. Na ce da Habu ya je ya ji daɗin kwatas ɗinsa, ni na samu gida.

Mutane biyar ko shida ne ke zaune a tabarma gindin bishiyar, cikinsu har da mahauta biyu, na gane su da wuƙaƙensu. Sai ga Alhaji Mamman ya fito, wanda kowa ke ce wa Baba Mamman, dogo, da rawani da carbi. Mutumin Damagaram ne, ya zauna Maigatari tun kafin a haife mu. Muka durƙusa muka gaishe shi, na faɗi aikinmu da abin da ya kawo mu. Ya dubi wandona na Turawa da biro a aljihuna, ya ji daɗi, ya juya ya yi magana cikin zaure:

"Gambo, a kawo abin sha. Ga mushe ya zo ganin ɗaki."

Muryar tsohuwa ta amso daga ciki:

"Mushen guda ne ko biyu?"

"Biyu ne, amma dogon ne zai zauna."

Mutanen tabarma suka gyaɗa kai, ɗaya daga cikin mahautan ya ɗaga hannu ya ce, "Sannu da zuwa, mushe."

Na ga har nan ma yayyena sun riga ni zuwa, ga mahauci da wuƙa a ƙugu yana jefa mini kalmar tun ban fara aiki ba. Na waiwaya in ga ko Habu ya ji, sai na tarar ya dubi fuskata ya nemi ƙasa ya zauna, yana riƙe da ciki. Daidai nan Iya Gambo, uwargidan Baba Mamman, ta fito bakin zaure da kanta, da ƙwaryar fura mai sanyi, ta miƙo mini da hannu biyu. Na ƙi karɓa. Na miƙe tsaye a gaban dattijon nan na ce:

"Alhaji, ni ba mushe ba ne. Da raina, kuma da ubana. In ba ka ba da ɗaki, ka ce ba ka bayarwa."

Ba abin da na fi tunawa kamar hannun tsohuwar nan a miƙe da ƙwarya, ta rasa ko ta janye ko ta bari. Na ɗauki akwatina na kama hanya. Ban kai kwanar masallaci ba Habu ya cim mini, yana haki, dariyar ba ta gama sakinsa ba.

"Sale, tsaya don Allah. Wallahi ba zagi ba ne. A Nijar haka ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, da duk wani ma'aikaci mai biro. Kalmar Faransa ce. Girmama ka ya yi."

Nan take na san gaskiya ya faɗa. Da ma ko muryar ba iri ɗaya ba ce da ta mushen da na sani, haushi ne ya toshe mini kunne. Ya ce in zo mu koma in ba da haƙuri, dattijo ne, abin dariya zai zama. Ni kuwa dariyar ce ba na so. Na ce ai da ma ɗakin bai yi mini ba, ginin ƙasa ne, gara za ta cinye mini littattafai, kwatas zan zauna kamar ma'aikaci, in shi yana so ya je ya ɗauka. Sau uku ya tambaye ni, a tsaye a rana, ko na tabbata. Sau uku na ce na tabbata. Wannan shi ne ƙwacen da na riƙa ba ku labari.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi tsawo a rayuwata. A kwatas kwano kan ɗauki zafi tun hantsi, sai ka ji kamar a tanda kake. Ina dafa taliya a risho, in ci a tukunya, in wanke, ba wanda zai ce mini sannu. In na idar da sallar magariba sai in hau keke wai shan iska, kuma duk iskar Maigatari ba wadda nake sha sai ta bakin kara. Daga nesa nakan rage gudu. An shimfiɗa tabarmi gindin darbejiya, kowane gida a layin ya fito da kwanonsa, tuwon gero, dambu, wani lokaci nama daga mahauta, ga fataken Damagaram da Buzaye suna hura gawayin shayi. A tsakiyarsu ga Habu ya naɗe hannun riga, ana ta ba shi labari yana kifewa. In ya hango ni yakan miƙe ya ɗaga hannu.

"Sale, bismilla mana. Iya Gambo ta ce wai kai ba ka cin tuwo ne?"

"Na ƙoshi. Yanzu na tashi daga kan abinci."

Haka nake cewa kullum, cikina yana kuka. In koma kwatas in zauna ina lissafa abin da aka ci a can. Har rama na yi, shi kuwa kumatunsa suka fito, wuyansa ya cika. Na sha tsayawa ina kallon ƙeyarsa a wurin aiki ina jin haushin yadda ta yi kitse. Ku yi dariya in kuna so, ni ma yanzu ina yi, amma a lokacin ba wasa ba ne. Ƙyashi ne tsagwaronsa, kuma na san sunansa tun a lokacin, ban dai faɗa wa kowa ba.

Sunan da na ƙi kuwa ya bi shi ya zauna daram. Kafin wata biyu duk kasuwa ba wanda ya san Habu, sai Mushe. Ran Alhamis muna tsaye mu biyu a bakin shinge, kaya iri ɗaya, allura iri ɗaya, sai makiyayi ya zo ya tsaya a gabana ya ce:

"Ina Mushe?"

"Ga ni, ai aikinmu ɗaya. Kawo su."

"A'a, Mushen gidan Baba Mamman nake nema."

Sai ya ja shanunsa ya bi dogon layi, ni ina tsaye da allura a hannu. Ba a nan abin ya tsaya ba. A tabarmar nan Habu yake jin abin da ba a rubuta shi a littafi, garken wa ke tari, wa ya biyo ta wace rijiya, wa ya yi asarar maruƙa a hanya. Da haka ya tare wani garke mai ciwon huhu tun bai shiga kara ya cuɗanya da sauran ba. A taron ƙarshen wata a Gumel, Dokta, wanda bai iya yabo ba, ya sa shi ya miƙe tsaye a gaban kowa. Na tafa tare da mutane. Ina tafawa ina tuna cewa a jarrabawar cututtukan shanu ni na zo na ɗaya, Habu kuwa da ƙyar ya haye, kuma a littafina ya yi bita.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da ni kwana biyar. Habu ne ya riƙa zuwa safe da yamma a kan keke, da jug ɗin kunun tsamiya a rataye. Ya ce Iya Gambo ce ta dama, ta ce a kai wa dogon nan mai fushi. Na sha, gumi ya karyo mini, ban taɓa shan kunu mai daɗinsa ba. Maimakon in gode sai wani baƙin ciki ya taso mini, wato irin wannan yake sha kullum. Da ya tafi na juya fuskata bango na yi hawaye, ba don ciwo ba. Da na warke ban je na yi wa tsohuwar godiya ba, na aika Habu ya yi mini.

Bayan kaka aka ce an ba ofishinmu gurbi ɗaya na ƙaro karatu, kwas na shekara guda, wanda duk ya dawo daga shi an ɗaga shi sama da tsararrakinsa. Ba a faɗi suna ba, amma kowa ya san inda idon Dokta yake. Habu da bakinsa ya ce mini in an ba shi zai ji kunya, don ni na fi cancanta. Wannan maganar ma haushi ta ba ni, na ga kamar sadaka yake yi mini da baki.

Ran wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, na rufe ƙofata na yago takarda daga tsakiyar littafi. Na rubuta wa Dokta cewa ma'aikacinsa Habu a gidan dillalin shanu yake kwana, a kwanonsa yake ci, don haka duk dabbar da ta sauka a gidan wucewa take yi ba dubawa. Ban sa suna ba, na ce daga wani mai kishin gaskiya. Don kada a gane rubutuna sai na yi da hannun hagu, ina jin na yi dabara. Rabin farko gaskiya ne, a can yake ci. Rabi na biyu ƙarya ce, kuma na san ƙarya ce, domin da idona na ga ya mayar da shanu takwas na wani babban baƙon Baba Mamman, dattijon kuma bai ce masa uffan ba. Washegari na shiga mota har Gumel na jefa ta a gidan waya, na sayi rake na dawo ina sha.

Bayan mako biyu aka kira mu. Habu ya fara shiga, ya daɗe, ya fito bai dube ni ba, ya je ya zauna a benci. Da na shiga na hango takardata a kan tebur, an danne ta da kofi. Dokta ya ce:

"Sale, kai ne kake tare da shi kullum. Me ka sani game da wannan magana?"

Nan ne Allah ya ba ni ƙofa ta biyu, kamar yadda ya ba ni a kwanar masallaci. Kalma biyu sun isa, ƙarya ce, ranka ya daɗe. Abin da na ce shi ne:

"Ranka ya daɗe, ni dai ban ga komai da idona ba. Amma gaskiya a gidan yake ci."

Dokta ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in tafi. An bincika ba a samu komai ba, amma aka ce don a kau da zargi gara a ɗauke shi daga bakin iyaka. Aka mayar da shi wani ƙauye bayan Gagarawa, inda ba kara, ba fatake, sai awakin mata da kaji. Wanda ake bincike a kansa kuma ba a tura shi kwas. Sunana aka aika.

Ranar da zai tashi ya zo kwatas da hantsi, an riga an ɗora kayansa a motar kasuwa. Na yi tsammanin faɗa, har na shirya rantsuwar da zan yi. Sai ya zaro mukulli daga aljihu, da ɗan zaren da yake rataye shi, ya ajiye a kan akwatina.

"Na yi wa Baba Mamman magana, ya yarda. Ka koma can kafin tafiyarka, zafin nan zai kashe ka. Da ma kai aka fara nuna wa."

"Habu, ai da ka bari."

"Ɗauki, Sale. Sai dai ƙofar tana cijewa da damina, sai ka ɗaga ta kaɗan."

Na ɗauka. Ina so ku san wannan ma, ban yi ko kawaicin kwana ɗaya ba, da la'asar na kwashe kayana.

Wata huɗu na yi a ɗakin kafin in tafi kwas. Sanyin yana nan, tagar tana nan, na rataye rediyona a ƙusar da na zaɓa tun ranar farko. Kwanon Iya Gambo bai taɓa fashi ba, safe da dare. Ba wanda ya ɗaga mini murya, ba wanda ya tuna mini da furar da na ƙi. Sai dai in na zauna a tabarma hira takan koma kan ruwan sama da tsadar dusa, in na tashi in ji ta koma inda take. Ban san abin da suka sani ba, har yau ban sani ba. Kowa Malam Sale yake ce mini, da ladabi, har da ɗan rusunawa. Wata Laraba ina zaune a ƙofar ɗakin, wani bafatake ya sauko daga kamyo, babbar motar kaya, ƙura har gira, ya gaida Baba Mamman ya leƙa bayana ya ce:

"Ina Mushe? Na zo masa da cuku."

"Mushe yana Gagarawa," in ji Baba Mamman. "Wannan Malam Sale ne, ma'aikaci."

Mutumin ya ba ni hannu, ya mayar da cukunsa cikin jaka. Da yamma, da muka rage mu biyu, na yi ƙarfin hali na ce:

"Baba, ai ni ma kana iya kira na da sunan nan. Yanzu na san ma'anarsa."

Ya ja carbinsa kaɗan, ya ce, ba tare da wani fushi ba:

"A'a, Malam Sale. Ka ce ba ka so, a gaban jama'a ka faɗa. Ba na maimaita wa baƙona abin da ya ƙi."

Sauran kun san shi, ko kuna tsammanin kun sani. Na je kwas na dawo, aka yi ta ɗaga ni har na zauna a kujerar Dokta, na gina gidan nan na Gumel da kuka tashi a ciki. Habu bai ƙara fitowa daga ƙauyukan Gagarawa ba har ya yi ritaya, a matakin da ni na wuce tun ban auri mahaifiyarku ba. Ku kun san shi ne a matsayin abokin Baba mai tsohon babur, wanda ke zuwa duk kaka da buhun riɗi da kankana a ɗaure a baya, ya zauna a ƙasa yana ba ku dariya. Kuna ganin kirkina ne da nake sakin fuska in karɓe shi. Ni kuwa duk zuwansa sai na lura da yadda kuke rugawa ku tare shi tun daga bakin titi, abin da ba ku taɓa yi mini ba in na dawo daga ofis, sai tsohon ciwon ya motsa. Lokacin da nake da ikon dawo da shi Maigatari da sa hannu ɗaya, ban yi ba. Na ce wa kaina ya saba da can.

Da aka ce mini jikinsa ya yi tsanani, wata guda kafin rasuwarsa, na je ni kaɗai. Na same shi a kan tabarma a zaurensa, ya zube, sai idanu. Na jira mutane suka ragu, na matsa kusa, na ce:

"Habu, akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita. Takardar nan da aka kai wa Dokta."

"Wadda ka rubuta da hagu?"

Na ɗago na dube shi, ya ci gaba:

"Ai ya nuna mini ita ran nan. Sale, wata uku ina danne wa hannun nan takarda. Tun layin farko na gane shi."

"Ka sani, kuma ka kawo mini mukulli?"

"To ɗakin kake so. Tun ranar da muka je na ga yadda kake kallon tagar nan." Ya mayar da numfashi. "Ni ma da laifina. Da ban yi dariyar nan ba, da ka sha furarka."

Sai abin ya ba shi dariya kuma, ta taso masa ta zama tari, na riƙe shi har ta lafa. Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun a motar da ta kai shi Gagarawa, don bai ga amfanin ya sauka da kaya biyu ba. Zan gaya muku abin da ban gaya wa kowa ba. A hanyar dawowa, maimakon in ji sanyi, sai na tarar har wannan ma ina yi masa ƙyashi, yadda abin ya zo masa da sauƙi haka, ni kuwa na ɗauke shi shekara talatin da wani abu.

Hadiza, ga amsar tambayarki. Ba wanda ya ƙwace mini ɗaki. Ni na ƙi shi da bakina, na dawo na karɓe shi da hannun hagu, na haɗa da abin da ya fi ɗaki. Ina so 'ya'yan Habu su ji wannan daga gare ku, ku karanta musu shi yadda yake, kada ku gyara mini komai.

Ke kina cikin gida wajen mata ran sadakar uku, ba ki ga abin da ya sa ni kuka ba. Muna zaune a ƙofar gida sai ga mota ta tsaya, cike da mutanen Maigatari. Baba Mamman da Iya Gambo sun daɗe da rasuwa, waɗannan 'ya'yansu ne da jikoki, wasunsu ma ba a haife su ba lokacin da Habu ya bar garin. Babbansu, wanda shi ma ya yi furfura, ya yi sallama ya ce sun zo gaisuwar Mushe. Suka bi layi suna ba da hannu. Da ya iso kaina ya dube ni ya gane ni, ya rusuna har ƙasa, ya ce:

"Sannu, Malam Sale. Ya ƙarin haƙuri?"